Baƙon da ya zo neman kwale-kwalen da ya nutse

Ina miƙa ruwan sha ta bakin zaure na ji baƙon yana ce wa maigidana Baban Ummi, wanda masunci ne, "Kai za ka nutsa ka gano mana wurin, ni ina sama da kyamara."

Wai sana'arsa ɗaukar bidiyon jiragen ruwan da suka nutse. Har ya nuna wa Baban Ummi bidiyon Turawa suna yawo cikin wani tsohon jirgi a ƙasan teku. Yanzu kuma kwale-kwalen da ya kife a gurbin ruwanmu na Guri lokacin ambaliya yake so.

Da farko na ji daɗi, na ce yau ga labarin littafi har ƙofar gida. Sai na tuna ruwanmu, wanda in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. To me za a ɗauka?

Da maigidan ya shigo na ce, "Baban Ummi, gurbin nan fa Sarkin Ruwa ya rufe shi sai ranar bikin kamun kifi, kuma manyan kifaye a cikin kwale-kwalen suke kwana. In aka gan ka, komarka za a ƙwace, ba tasa ba."

Ya yi dariya. "Ke dai littattafan nan sun sa kowa ɓarawo ne a wurinki."

"To ka ce masa ku fara zuwa gaida Sarkin Ruwa."

Ya fita ya faɗa masa. Mutumin ya ce bari ya gyara fakin, sai ƙarar motarsa muka ji. Maƙwabta sun ce raga suka gani a bayanta.

Jama'a, mai gaskiya yana gudun gaisuwa? Ko ni ce na cika zargi?