Totuwar masara a ƙarƙashin ƙwarya

Da daminar bara gwiwoyina suka ƙi ni, tafin ƙafata kuma ya riƙa yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Likita ya ce in riƙa takawa kowace safiya, in ba haka ba wata rana ko masallaci sai an ɗauke ni. Matata Hajiya ta riƙe maganar kamar ita aka faɗa wa. Kullum sai ta miƙo mini sanda ta ce in bi hanyar Dungu in dawo.

Ni kuwa iyakata rumfar da ke bayan katangarmu. Sai in zauna in ci gasasshiyar masara, in kife totuwar da wata tsohuwar ƙwarya, in shigo gida ina haki.

Ran nan na tarar da ita a rumfar, ta ɗaga ƙwaryar. Duk totuwar ta yi hunhuna fara fat. Guda ɗaya da na manta a fili kuwa, hunhunarta ta yi ja kamar ruwan goro.

Ta ce, "Alhaji, ka gani? Wadda ta sha haske ta yi launi, ta ɓoye tana nan fara. Kai sati uku kana shan ranar hanyar Dungu, ko ƙeyarka ba ta yi duhu ba."

Ban yi nisa a boko ba, amma wannan karatun ya shiga.

Yanzu tare muke fita. Tana gaba, ina baya ina mita. Masarar tana ƙulle a bakin mayafinta, ba ta ba ni sai mun juyo.