Rakiyar Ajidan Illa

Shekara shida ke nan da muka kai Ajidan Illa makwancinsa a ƙauyenmu na ƙasar Buza, ana tsakiyar ɗaurin gero. Taubashina ne, ɗan gwaggona. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka kai mu lakwal, makarantar boko, ni na ƙare mushe, wato malamin makaranta, ina shaƙar alli a Madawa, shi ya sa kakin soja har ya kai muƙamin ajidan. Duk kaka nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don ban taɓa iya yi masa magana ba tare da tsiya ba. Bana na kasa fasawa. Akwai wani tsohon soja mai suna Sha'aibu a wani ƙauye kusa da Tabotaki, wanda Illa ya mutu ya bar shi tsaye da ƙafafunsa. Makon jiya na je gaishe shi, kuma tun da na dawo abinci bai yi mini daɗi ba.

Wanda bai san Illa ba a ƙasarmu ya san rakiyarsa, don ta zama abin ba'a tun yana raye. Kowa ya san al'ada: baƙo ya tashi tafiya, sai a taka masa zuwa ƙofar gida ko bakin rijiya, a ce a gaida gida, a juyo. Illa kuwa idan ka kuskura ka ce bari ka taka masa, to ka yi sallama da iyalinka. Zai ja ka har bayan gari, ya ja ka cikin gonaki, ya hau da kai fako, sai kun hango rumbunan wani ƙauyen zai ce kai ma ai ba a bar ka ka koma kai kaɗai ba, ya juyo ya rako ka. Har yau idan mace ta aiki ɗanta ya daɗe, takan ce ko rakiyar Ajidan ya tafi. Ni na fi kowa yi masa tsiya a kan haka. Nakan ce gwamnati ta karɓe masa bindiga ta manta ba ta karɓe maci ba.

Sai daga baya na lura ba kowa yake yi wa wannan doguwar rakiya ba. Yaran da suka dawo daga bakin daga yake nema, sojoji da jandarmomi, har da wani ɗan kwana-kwana daga Azarori wanda aikinsa ya kasance ciro mutane daga cikin motocin da suka yi karo. Da ya ji labarin wani ya dawo gida ba ya barci, ko ya daina zuwa fada shan shayi, ko yana zabura idan an buga ƙofa, sai ya hau tsohon motonsa, wato babur, ya tafi. Zai ajiye moton a gidan wani can nesa, ya ƙarasa da ƙafa. Ya gaida iyaye, ya sha ruwa, ya yi zancen damina da tsadar taki, ko kallon yaron ba zai yi sosai ba. Sannan ya miƙe. Yaro kuwa, komai nauyin zuciyarsa, ba zai bar babbansa a aikin soja ya fita shi kaɗai ba. Dole ya sa takalmi.

Wata rana na tsare shi da tambaya, mene ne amfanin wahalar da 'ya'yan mutane cikin rana. Ya ce, "Kai mushe, alli ya toshe ma kunne. Yaron da yag ga abin da ba a gani, ba shi hwaɗin shi cikin gida, uwatai na bayan danga tana saurare. Ba shi hwaɗin shi kana kallon idonai. Amma in kun jera bisa hanya, kana kallon gaba, shina kallon gaba, sai ka ji magana ta hito da kanta. Ni tahiya kawai nika yi, ba ni tambaya." Na ce to shi wa ke raka shi? Ya yi dariya ya ce Ajidan ba a raka shi, shi ke rakiya. Na ɗauka wasan taubasai ne, na rama da wata tsiyar, muka wuce wurin.

Matarsa Hajo ce ta gaya mini, bayan an share makoki, cewa tun da ya ajiye kaki bai taɓa tsayawa an yanka ragon layya a gabansa ba. Da an sauko daga idi yakan ba maƙwabci wuƙa, ya ɗauki hauya ya tafi gona, ko da rani ne babu abin nomewa. Mutumin da kakanninsa mafarauta ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Illa bai taɓa nuna wa kowa nasa ba. Hawan jini aka ce ya kashe shi, ni kuwa ban yi wa likita gardama ba.

Sha'aibu yana cikin na ƙarshe da ya riƙa. Ya dawo daga fagen daga na gabas da jiki lafiya lau, ko ƙwarzane babu, amma ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa. Gidansu ya rabu biyu a kansa. Kakarsa, wadda ta tashi cikin gidan da ake yi wa iskoki yanka kafin a bari, ta ce na gida ne aka yi watsi da su suka kama jika, a nemo baƙin bunsuru. Ubansa, Malam Asumana, mutumin kirki mai yawan ibada, ya ce ba a gidansa ba, ya tara malamai aka yi ta karatu da rubutun sha. Kowannensu son yaron yake yi, kowannensu ya kashe abin da yake da shi. A cikinsu dai babu wanda ya tambaye shi me ya gani, kuma ko an tambaya ba zai faɗa a gaban uba ba.

Illa bai yi jayayya da kowa ba. Ya ce wa tsohuwa Allah ya ƙara girma, ya ce wa malamai Allah ya karɓa, ya ci gaba da zuwa yana miƙewa ana raka shi. Shi ya lallaɓa uban har aka kai yaron wurin likita a Tawa aka ba shi maganin barci, don bai taɓa cewa ƙafa kaɗai tana warkarwa ba. Kafin damina biyu Sha'aibu ya koma gona. Na gan shi da idona a tashar Madawa yana lodin albasa, yana dariya da direbobi, har aka fara zancen nema masa mata.

Da Illa ya rasu, abokansa biyu suka ce ba za su bar abin ya mutu ba: Nomau, tsohon jandarma daga wajen Keita, da wannan ɗan kwana-kwana na Azarori. Sun san dabarar, don su ma da ita aka tsamo su. Da suka ji Sha'aibu ya sake shiga ɗaki bayan mutuwar, suka je, suka sha ruwa, suka yi zancen damina, suka miƙe. Sha'aibu ya sunkuya zai ɗauki takalmi, sai Malam Asumana ya ce, "Haba, manyan baƙi awa ku, in bar yaro maras lahiya shi raka ku? Sha'aibu, zamna. Ni ka raka su da kaina." Girmamawa ce tsantsa. Illa tsaran uban ne, shi ya sa a da ake barin ɗa ya taka masa ba tare da an ga rashin kyautawa ba. Waɗannan kuwa baƙi ne daga nesa da suka zo dubiya, kuma maigida ba ya tura majinyaci rakiyar masu dubiya. Nomau ya gaya mini haka suka bi shi, don ta ina zai ce wa dattijo koma ka zauna, ɗanka muke so? Suka sake zuwa, aka sake karrama su haka nan. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Garin neman gira aka rasa ido, kuma babu wanda za a kama da laifi.

Abin da ya biyo baya kowa a yankin ya ji. Ranar kasuwa tayar wani kamiyo, babbar motar kaya, ta fashe, Sha'aibu ya danne wani mai sayar da goro ƙarƙashin rumfa yana ihu a kwanta, a kwanta, har hannun mutumin ya karye. Ceton shi yake yi a ganinsa. Dangi suka taru, aka biya ɗori, aka yanke shawarar da ake yankewa a ƙauye idan asibiti ya yi nisa kuma magani ya ƙare.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce da ya leƙo yau. A zamaninsa masu dawowa ana iya ƙirga su, moto ɗaya ya ishe su. Yanzu da wuya ka shiga ƙauye tsakanin Madawa da Keita ba ka ji gidan da ɗansu ya dawo ya yi shiru ba. Samari a fada suna miƙa wa juna waya ana kallon gawarwaki ana kurɓar shayi, kuma idan soja ya zo hutu, gaisuwa ta biyu ita ce nawa ka kashe. Maroƙa suna yi masa kirari, namijin duniya, ba ka tsoro, sai ya haɗiye abin da ya zo da shi ya ba su tukuici. Wanda ya mutu a daga muna yi masa addu'a a masallaci, kuma ya cancanta. Wanda ya dawo da rai ba mu san inda za mu ajiye shi ba. Ita ma rakiyar ta mutu, yanzu daga kan moto ake ɗaga hannu. Muna cewa zumunci a ƙafa yake, alhali mun daina takawa. Ina jin Illa ba zai ce komai ba, zai dai nemi takalmansa, kuma ƙafa biyu ba za su kai ko'ina ba cikin wannan yawa.

Idan na auna abin da ya rage nasa, kaɗan ne. Bai bar ƙungiya ba, bai bar ofis ba, ko sunan abin da yake yi bai sa ba. Ya bar 'yan mazaje da suke noma suna goyon 'ya'yansu, waɗanda matansu ba su san wa ya maido musu da su ba. Ya bar karin magana da mata ke yi wa yara faɗa da shi. Allah ya jiƙan ɗan gwaggo, ya ba shi barcin da bai samu ba a nan. Shi ya huta, tsorona ga waɗanda ya bari yake.

Shi ya sa na je wurin Sha'aibu. Na ce ni ba soja ba ne, amma tsoho ne, kuma ina da ƙafa. Na tarar da shi a ɗakin bayan gida, a wanke tsaf, uwarsa tana kula da shi, yana zaune kan tabarma ya rufe ƙafafunsa da zane. Ya gane ni, ya tambayi Hajo da yara. Na sha ruwa, na yi zancen gero. Sannan na miƙe, na riga uban magana, na ce yau Sha'aibu nake so ya taka mini, don taubashina ya ba ni wasiyya. Malam Asumana ya sunkuyar da kai.

Sha'aibu ya tashi da sauri, zanen ya faɗi. Ya biyo ni har bakin ƙofar ɗakin, a nan sarƙar da ke ƙafarsa ta miƙe ta tsayar da shi. Ya dafa bango ya ce, "Mushe, ku yi man gahwara, nan rakiyata tat tsaya. Da na kai ku bakin hanya. Akwai maganad da ban ida gaya ma Ajidan ba."

Na roƙi uban mabuɗi. Ya ce, da hawaye a gemunsa, in ya sake karya ɗan wani wa zai ɗauka? Na juya na ce wa Sha'aibu ya faɗa mini a nan, zan zauna har la'asar. Ya dubi ubansa, ya dubi dangar da uwarsa take tsaye a bayanta, ya girgiza kai, ya koma kan tabarma ya ja zanen.

Malam Asumana ya karɓi jakata, ya raka ni da kansa har inda ake tsaida mota.