Igiyoyin Baffa Biyu

Ran nan ina zaune a rumfar mai shayi a Jega, aka kunna talabijin, sai na ji ƙarar ƙwallon tanis tana fita daga raket, tas, tas. Ban ɗaga kai ba. Shayina ya huce a hannuna, ni kuwa na koma Aliero, bayan gidanmu, filin da ake shanya albasa.

Ka san lokacin da aka gama kwashe albasa, ƙasa ta daddaɓe, warinta bai bar wurin ba tukuna. A nan Baffana, ƙanen mahaifina, ya shata mana fili da toka, ya ɗaura tsohon tarun kamun kifi a matsayin raga. Malamin makaranta ne, a kwalejin horon malamai ya koyo wasan. Duk Asabar yakan hau babur ya tafi Jega, inda akwai fili na siminti, kuma mutum ɗaya bayan babur ɗin ke ɗauka. Ni ne wannan mutumin. Ina da gudu, ina da hannu. In na karkata raket na yanka ƙwallo can gefe, sai abokin wasana ya bi ta har cikin ganyen albasa.

Sai aka kawo ɗan Goggona daga Mungadi, ta ƙasar Maiyama. Ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya, aka zo da shi wajen masu ɗorin garinmu, ya yi jinya a ɗakin Inna. Taubashina ne, don haka tun yana kwance nake tsokanarsa.

"Gurgun Maiyama, yaushe za a kwance ka?"

"Ranar da ka daina warin albasa," in ji shi.

Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta miƙe amma ta ɗan gajarta. Yana tafiya, ba ya iya gudu. Na ɗauka zai koma gida. Baffa ya ce ya zauna tukuna.

Wata safiya bayan na taso daga karatun allo, na leƙa ta ramin zana na gan su a filin, shi da Baffa. Baffa ya kafa turke a inda nake tsayawa in zan yi bugu. Ya ɗaura igiyoyin guga biyu a jikin turken, ya ja ɗaya zuwa wannan gefe na ƙetaren raga, ya ja ɗayar zuwa wancan. Suka buɗe a ƙasa kamar lam'alif. Ya tsayar da yaron daidai tsakaninsu.

"Duba nan," in ji Baffa. "In ka ba abokin wasanka ƙwallo a gefe, ko ka ba shi gajera kusa da raga, igiyoyin ga buɗewa sukai, kai ko ba ka da ƙahwar bin su."

Ya tuge turken ya mai da shi tsakiyar fili, can baya wajen layin ƙarshe. Igiyoyin suka tsuke, har yaron ya miƙa hannu ya taɓa kowacce.

"To nan za ka aje shi. Tsakiya, da nisa, da ɗan tsawo. Bari shi nemo kusurwa da kainai."

Na daɗe ina bin Baffa Jega, bai taɓa ɗaura mini igiya ba. Abin da yake ce mini kawai, madalla, sake. Ranar na kasa shan kunu. Allah ya gafarta mini, har na riƙa duban cinyata ina tunanin da ni na faɗo daga amalanken. Kullum da safe suna can, ina jin muryar Baffa a tausashe, irin wadda ban san yana da ita ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Kai Allah ya ba ka ƙahwa. Mi kaka nema kuma?"

Gab da faɗuwar damina Baffa ya ce mu kara, wanda ya ci shi ne na bayan babur ranar Asabar. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Muka fara bayan la'asar. Duk ƙwallon da na buga, sai ta dawo mini a tsakiya, doguwa, tana tsalle wajen ƙirjina, ta tura ni baya har ina taka toka. Na nemi gefen da na saba, babu. In na matsa mata lallai sai ta karkata, sai ta fita waje ko ta faɗa taru. In na buga ta a hankali, yana nan tsaye, taku kaɗan ya same ta. Ni ke zufa, shi ko hularsa bai cire ba.

"Ina gudun naka, ɗan albasa?" ya ce. "Ga gurgu nan na jiran ka."

Ya cinye ni. Ranar Asabar na tsaya a ƙofar zaure, na ga ya rungume raket ɗin Baffa a bayan babur, ƙafarsa mai ɗori a miƙe. Bai ko tsokane ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Yau filin ya zama shaguna. Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yaranmu a waya suke kallon wasan, babu mai shata toka. Taubashina yana dillancin hatsi a Maiyama, jikoki sun cika masa gida. Da Sallar bana na je gaishe shi, muna zaune a tabarma na ce masa har yanzu ina jin zafin safiyoyin nan. Ya dube ni, ya shafa cinyarsa.

"Da za a yi musaya, ka ɗauki safiyoyin ka ba ni ƙahwarka," ya ce.

Ya fi ni gaskiya. Amma a mota, a hanyar komawa, na auna cinikin a raina, na ga da an kawo mini shi a wancan lokacin da na karɓa.