Ƙullin Albarushi a Buhun Gawayi

Har gobe idan na ji ƙamshin gyaɗa a cikin yashi mai zafi, gabana ne ke fara faɗuwa kafin yawuna ya tsinke. Jikokina dariya suke yi mini, su da a leda suka san gyaɗa. Ni kuwa a saman soron gidanmu na unguwar Jarwal a Makka na santa, can kan dutse inda sai mutum ya yi haki kafin ya kai ƙofa, a shekarun sittin ɗin nan da lantarki bai hau unguwarmu ba tukuna.

Kakarmu Iya Dije ce ta riƙe mu, ni da yayana Sale, domin uwarmu ta rasu, babanmu kuma yana dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda. Da ƙafa ta zo Makka daga ƙasar Katsina, ta Chadi da Sudan, tana noman ƙodago a hanya. Sana'arta gyaɗa. Kullum bayan magariba sai ta hura gawayi a murhun ƙarfe, ta ɗora kasko da yashi, yaran maƙwabta su hauro su zagaye ta. Tana juya gyaɗa tana tatsuniya, har a kira isha daga Harami. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take ce mini, kuma aikina ne fifita wuta da ƙara gawayi daga buhun da ke jingine da bango. Idan yaro ya ce mata Sitti irin na Larabawa, sai ta ce, "Sitti tana gidan Larabawa, nan Iya ce." Ina son matar nan, Allah Ya sani, amma ina tsoronta.

Sale yana da shekara goma sha bakwai a lokacin, ni ina sha ɗaya. Haifaffen Makka ne, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Ya yi abota da samarin Badawiyawa masu kawo gawayi da awaki gari, suna tafiya da shi farautar zomo da fakara can bayan Arfa, tunda a cikin iyakar Harami ko tattabara ba a kora. Su suna da tsofaffin bindigogin kakanninsu masu cin albarushi, shi kuwa aikinsa ɗaukar nama. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Bindigar zamani sai da takardar hukuma, tsohuwa ta asali kuma ta fi ƙarfin aljihunsa. Ana nan sai ya ji labarin wani mai gyaran risho a unguwar Zahir da ke ƙera kwaikwayon tsofaffin nan da araha.

Ranar da ya kawo bindigar, da rana tsaka Iya tana bakin hanya da tirenta, ya kira ni soro. Kai, ta yi kyau! Ƙotarta sai sheƙi, an yi mata zobban farin ƙarfe har uku. Ya ce mutumin ya ba shi ya je ya gwada, in ta yi masa ya biya ranar Juma'a, gobe da asuba kuma za su fita.

"Ya ce irin ta ƙasarmu ce," in ji Sale, yana shafa ta. "Ismaha, wato sunanta, harba-ka-ruga. Ya'ani ka harba, ka ruga ka ɗauko nama."

Na leƙa gindin bututun, wajen da yake haɗuwa da katako, na ga wani layi siriri da aka shafe da baƙin abu. Na sa farce, abin ya ɓantaro. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya buge mini hannu ya ce ado ne. Sannan ya cusa bindigar bayan randa, ya ɗauki albarushin da ke ƙulle a baƙin tsumma ya tura shi can ƙasan buhun gawayi, wai baƙi cikin baƙi ba mai ganewa, kuma kafin gawayi ya yi ƙasa ya kwashe abinsa. Ya juya ni na fuskanci Ɗakin Allah, ya ce in rantse ba zan faɗa wa Iya ba. Na rantse.

Da yamma sanyi ya sauko. Muka taru, wuta ta kama, sai Iya ta ce in jawo mata buhun kusa, wai yau ƙugunta ba ya son miƙa. Na ja shi da kyar har ya kusa taɓa murhu. Na dubi Sale, yana zaune bakin matakala, ya kau da kai.

"Ga ta nan, ga ta nan," in ji Iya, "ta sha rana a hanya, ku ba ta wuri."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce a wani gari an yi wani saurayi ɗan maharbi, ubansa ya mutu ya bar masa baka da kwari, shi kuwa bindiga yake so. A kasuwar garin akwai tsohon maƙeri, bindigarsa baƙa ce, mummuna, ga nauyi, kuma sai saurayin ya jira kaka kafin ya iya sayenta. Sai ga wani baƙon maƙeri ya sauka da wata mai walƙiya, kuɗinta bai kai na tunkiya ba. To a garin nan akwai al'ada, harbin farko na maƙeri ne. Wanda ya ƙera shi zai ɗura, ya ɗora a kafaɗarsa, ya harba a gaban jama'a, sannan a yi ciniki. Da saurayi ya ce baƙo ya harba, sai baƙo ya ce ai jiya ya harba ta, albarushi tsada gare shi, kuma ga wani can yana jira in shi ba ya so.

"Takwara, wuta na barci. Ƙara gawayi."

Na sa hannu na tsinci na sama sama, ina shafa kowane guda kafin in ɗauko. Tartsatsi ya tashi, ɗaya ya sauka a bakin buhun, na yi maza na murje shi da tafina.

Iya ta ci gaba. Ta ce saurayin yana da ƙanwa mai tallan fura. Yarinyar nan ta je kai wa baƙon fura da sassafe, ta same shi yana cike wata tsaga a gindin bindigar da danƙo da baƙin tukunya. Ta faɗa wa wanta. Ya ce me mace ta sani a bindiga, ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa uwarsu ba, don in ta ji za ta hana. Yarinya tana son wanta, tana kuma tsoron rantsuwa, sai ta yi shiru.

Wallahi a lokacin nan ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa. Iya ko kallona ba ta yi ba, gyaɗarta take juyawa.

"Ƙara, Takwara. Wannan 'yar tsintar taki ba za ta gasa gyaɗa ba. Zura hannu ciki sosai, manyan suna ƙasa."

Na zura. Yatsuna suka taɓa tsumma. Na janye da sauri na ɗebo gari gari na zuba, wuta ta yi hayaƙi, yara suka hau tari. Wani ƙaramin yaro ya ce, "Iya, ba'den? Sai me ya faru?"

Ta ce gari ya waye, saurayi ya saɓa bindiga, ƙanwa ta bi shi tana riƙe masa goran albarushi. Suka shiga daji, suka hangi gada tana kiwo. Ya ɗura, ya danna, ya durƙusa, yarinya tana tsaye a gefensa na hagu, kusa ƙwarai don tana son ta gani. Ya kwantar da kumatunsa a jikin ƙota. Ya sa yatsa.

Nan ta tsaya. Ta ce, "Ke wai yau me ya sami hannunki? Kauce." Ta ture ni, ta zura hannunta cikin buhun har kafaɗa, ta laluba, ta fito da baƙin ƙullin nan. Ta juya shi a hasken wuta ta ce, "Ga babba," ta miƙa hannu saman garwashi.

Ban san lokacin da na daka tsalle na riƙe mata hannu ba. "Iya, kar ki sa! Albarushi ne! Na Yaya ne, bindigar tana bayan randa, kuma a tsage take, na gani da idona!" Ina faɗa ina kuka. Yara suka watse suka manne da bango, Sale ya miƙe tsaye bakinsa a buɗe.

Iya ta kwance ƙullin a hankali. Kanwa ce a ciki, dunƙule guda.

"Naku yana cikin kwata tun azahar, na ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi," in ji ta. "Hancin da ya taɓa shaƙar albarushi ba ya mantuwa."

Sale ya watso mini harara. Ta ce, "Nan za ka kalla, maigida, ba can ba. Me aka ce maka sunanta?" Ya faɗa mata, har da fassararsa. Ta yi wata gajeruwar dariya. "Oh ni Dije, ɗan Makka! Wa ya ce maka wajen nama ake rugawa? Harbi ɗaya gare ta, in ka kuskure kai ne mai gudu. Wannan ma in ta bar ka da ƙafafun." Sannan ta juyo gare ni, ta share mini fuska da gefen mayafinta, ta ce rantsuwar da za ta ci rai karya ta ake yi a yi kaffara, gobe za mu dama kunu mu ciyar da miskinai goma, shi ke nan.

Ƙaramin yaron nan bai haƙura ba. Daga jikin bango ya ce, "Saurayin fa?"

"Gada ta tafi abinta. Shi ɗauko shi aka yi."

"Ƙanwar fa?"

"Ta dawo da ƙafarta. Ta faɗa wa uwarsu komai, a lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani."

Aka kira isha. Ta sauke kasko, gyaɗar ranar ta ƙone rabi. Ba ta ce ƙurunƙus ba, ita da ba ta taɓa tashi ba ta rufe tatsuniya da shi ba.

Washegari ta naɗe bindigar a tabarma, ta sa Sale ya ɗauka, muka tafi Zahir. Ta ajiye ta gaban mai gyaran risho ta ce ya harba ta gani. Ya ce, "Ya Hajja, haram alaiki, harbi a cikin Harami?" Ta ce ai ga mota nan mai zuwa Arfa, ita za ta biya masa. Ya ce kafaɗarsa na ciwo. Ta ce, "Kana da ɗa? Kawo shi ya harba." Mutumin ya jawo tabarmar ya tura ƙarƙashin benci.

Ba ta hana shi farauta ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Cewa ta yi ya jira bayan aikin Hajji, lokacin da ɗan abin da yake samu a ɗaukar kayan alhazai ya taru. Ta sa abokansa suka kai su wurin wani tsohon maƙeri a hanyar Ɗa'if, shi ma kwaikwayon na dā yake yi. Sale ya ba ni labari cewa ko kallon masu ado ba ta yi ba. Ta ɗaga wata baƙa mai kaurin bututu, ta leƙa cikinta a rana, ta bi gindinta da farce, ta ƙwanƙwasa ta saurara. Kafin ma ta yi magana tsohon ya karɓa, ya ɗura, ya ɗora a kafaɗarsa ya harba. Kuɗinta kaɗan ya ɗara na waccan. Sale ya yi shekaru yana kawo mana zomo da ita, ya tsufa da yatsunsa goma da idanunsa biyu.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan Sale aka yi wa, kuma darasinta shi ne araha ba ta ado, kada ka yarda da mai sayar maka abin da shi ba zai gwada a jikinsa ba. Haka nake faɗa wa 'ya'yana ma.

Iya ta rasu ina da 'ya'ya biyu. Ni da wata dattijuwa muka yi mata wanka. Duk zamana da ita ban taɓa ganinta ba mayafi a wuya ba, ko a zafin Makka da ke narka kwalta. Da muka yaye, sai na ga gefen wuyanta na dama da kafaɗarta har zuwa bayan kunne cike da ɗige ɗige baƙaƙe, sun nutse cikin fata. Na sa ruwa na goga, na sake gogawa, ba su fita ba. Dattijuwar ta riƙe mini hannu ta ce, "Bari, 'yar nan, ba datti ba ne. Ƙunar albarushi ce, tun tana yarinya."

Na zauna a ƙasa da butar a hannuna. Sai a ranar na gane wadda ta tsaya a gefen hagu da goran albarushi, na kuma gane ni take jira in buɗe baki a daren nan da ta bar gyaɗarta ta ƙone.