Wa Zai Yashe Ta?

Ko yau na ji warin laka, irin baƙar nan ta ƙasan rijiya, sai Kaka ya faɗo mini a rai, mahaifin babanmu. A ƙauyenmu, can bayan Dayi, shi ya haƙa rijiyar unguwa a gindin wata tsamiya, kuma shi ke kiran yasa. Duk bazara, in ruwa ya ja baya, maza sukan ɗaura igiya a ƙugu su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya suna kwaso laka da guga, mu 'yan mata muna kai musu kunun tsamiya. Kwana biyu sai ka ga ruwa ya dawo garau. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rijiyar nan ta ƙafe ba.

Ina ajin ƙarshe a firamare aka ce gwamnati ta ɓullo da tsarin wutar sola, mu ma za a yi mana burtsatse mai aiki da hasken rana. Masu aikin suka zo, suka ce tsamiya tana tare rana, sai a sare ta. Aka sare. Ranar buɗewa manyan riguna suka cika gari, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Kaka ya dogara sandarsa ya matsa kusa da babban jami'in.

"Ranka ya daɗe, wannan in ta toshe, wa zai yashe ta?"

Wuri ya kaure da dariya. Jami'in ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Baba, ai rana ba ta lalacewa." Har da ni a masu dariyar, Allah Ya yafe mini.

Daga nan yasa ta mutu. Bazara biyu Kaka yana kira, ko mutum ɗaya bai fito ba. Aka mai da rijiyar juji. Bayan rasuwarsa ba da jimawa ba injin burtsatsen ya tsaya cak. Babanmu ya yi ta sintiri ofis-ofis har takalminsa ya cinye, kullum a ce masa mai gyara yana hanya. Gilasan solar suna nan har yau suna ƙyalli, mata kuwa sun koma tafiya mai nisa da jarka a ka.

Yanzu a nan Funtua kullum rediyo na shelar wutar sola tana ƙaruwa a ƙasar nan. Ni ba na ƙin ta, da ita nake kunna fanka. Amma wallahi in na ji sai takaici ya cika ni, don na san har da tamu matacciya ake ƙirgawa. Tir da aikin da hoto kawai aka zo ɗauka. Mu ma tir da mu, da muka yi wa rogo kallon kitse.

Bazarar bana na je gida. Na tarar da babanmu, furfura fal, igiya a ƙugu, dattawa uku suna zura shi cikin rijiyar, rana na dukansu ba ko inuwa. Leda da tsumma da matattun takalma ake ta fitarwa. Da ya fito, jiki duk laka, ya dube ni ya ce in dama musu kunu kamar dā.

Na dama. Tsamiyar sai da na aika kasuwar Dayi aka sayo.