Ƙwaryar da Hajiya Rabi Ke Kifewa

Shekaruna sittin da biyu, da ƙafata nake zuwa inda nake so, kuma ban rubuta wannan domin a tausaya mini ba. Mai tausayi ya mayar da shi addu'a ga wadda ta riga mu.

Ranar Talata da hantsi direban motar asibiti ya yi sallama a gidana, nan Ƙanƙara. Ya durƙusa bai iya ɗaga kai ba, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Hajiya Rabi ta yanke jiki ta faɗi a Mairuwa, tana wanke hannu bayan ta karɓi haihuwa. Ba mu kai Funtuwa da ita ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na koya wa Rabi aikin ungozoma tun tana budurwa. Shekarar da maigidana ya rasu, bayan na yi ritaya, barci ya ƙaurace mini, jinina ya hau. Ta zo ta zauna bakin gadona ba da gayyata ba, ta ce, "Yaya, kin saba tsara wa kowa, yau ni za ni tsara maki." Ta raba ni da gishiri da kanwa. Ta ɗora mini tattaki zuwa bakin rafi kowace safiya. Ta ce tsakanin azahar da la'asar in kife ƙwarya a ƙofar ɗaki, alamar ba na ganin kowa. Sannan kowace Juma'a in juye mata abin da ke cikina, ita ma ta juye mini nata. Takan ce, "Damuwa tsakuwa ce cikin takalmi. Ba girmanta ke ɓata ƙafa ba, daɗewarta."

Na bi, na samu lafiya. Ita ma hawan jinin ke gare ta, kuma tsarin ɗaya ta yi wa kanta. Sai kuɗin man fetur suka zo hannun gwamnati. Aka gina ɗakunan haihuwa masu sabon fenti, yaran da muka horar kuwa suka bi albashi zuwa Kaduna da Legas. Daga Tafoki har Sheme, wani lokaci har Sabuwa, Rabi kaɗai ta rage.

Matan ƙauye ba su taɓa buga mata ƙofa ba, suna da ladabi. Sai dai su juya ƙwaryar da ta kife, su zuba ƙwan zabi ko su ɗora curin man shanu, su koma inuwa su yi shiru. Rabi kuwa ba ta iya kwanciya alhali kyauta na ƙofarta ba a yi godiya ba. Wata Juma'a ina ɗakinta hakan ta faru.

Na ce, "Kwanta, su jira la'asar."

Ta ce, "Yaya, mai ne fa, narkewa za ya yi."

Na ce, "Man kike ji, ko mai man?"

Ta yi dariya, ta ɗaura ɗankwali ta fita. Na ji wata tsohuwa na cewa, "Mu ba mu tashe ki ba, Hajiya, gaisuwa muka aje. Ɗiyar tawa ce dai, tun jiya ɗan cikinta bai motsa ba." Maganar da Rabi ta fara yi mini ranar, ba ta ƙarasa ta ba har ta bar duniya.

Ban zargi matan nan ba, ba su da wata. An ce za a turo madadinta. Na daɗe a aikin gwamnati, na san ma'anar "za a". Tun sadakar uku suka gano ƙofata. Juma'ar da ta wuce na tarar da ƙwai cikin tawa ƙwaryar, kuma ba ni da wadda zan gaya wa abin da na ji.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya gafarta mata, Ya ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Allah Ya ba Alhaji maigidanta da 'ya'yanta haƙuri, Ya raya abin da ta bari.

Ɗana ya aiko mota daga Kaduna in koma wurinsa, na sallame ta ba ni ciki. Na roƙi ƙwaryar Rabi wurin 'ya'yanta, na kife ta a ƙofata, na sa magini ya kama bakinta da siminti. Jiya na ji wata mata tana ta kokawar juya ƙwaryar, sannan ta zauna. Na san naƙuda ba ta san la'asar ba. Ban fito ba sai da aka kira salla.