Wanki da Wanka

Wata Asabar ce da hantsi, a ƙarshen shekarar 2014, lokacin da 'yan gudun hijira daga Mubi da Michika suka cika Yola. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu na unguwar Adarawo: ni, da mahaifiyata da muke kira Dada, da wata baƙuwa da ta gudo daga wani ƙauye a bayan Michika, da jaririyarta da ko zama ba ta fara ba.

Dada ce ta gamu da ita a tasha, ta ba ta ɗakin da muke ajiye hatsi. Baƙuwar ba ta san inda mijinta yake ba. Hausarta kaɗan ce, ta cin kasuwa, Fulatanci kuwa ba ta ji ko kusa.

Ba a jima ba fatar jaririyar ta lalace. Wuya da hammata suka yi ja, suka bushe, suka tsattsage, bayan gwiwa ya fara ruwa. Maƙwabta suka ce ƙazwa ce ta kwaso a daji. Yayana, wanda 'ya'yansa ƙanana ke gidan, ya ce idan ba a ga sauƙi ba zuwa mako mai zuwa, sai a kai su sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Tsoro ne ya sa shi, kuma ban musa masa ba. Baƙuwar ba ta fahimci duk maganar ba, amma ta ji sunan Malkohi. Daga ranar ta ƙara wa yarinyar wanka, safe da rana da yamma, tana cuɗa ta da ƙarfi don cutar ta fita.

A hantsin nan kukan jaririyar ya yi yawa wurin wanka, Dada ta tashi ta tsaya a kan baƙuwar. Ta ɗauki sabulun daga gefen baho. Kore ne, guntun irin dogon nan da ake yankawa da wuƙa. Ta ɗan taɓa shi da harshe, ta tofar.

“Wannan ai soda ce zalla. 'Yata, wa ya ba ki?”

“Mama, na saya. Na wanki yaro.”

“Na wanke wa?”

“Yaro, Mama. Na ce a ba ni na wanki.”

Dada ta dube ni. A kunnen matar, wanki da wanka kalma ɗaya ce.

Muka hau keke zuwa kasuwar Jimeta, baƙuwar ta nuna mana shagon. Mai shagon Inyamura ce, ta daɗe a garin, kowa Madam yake ce mata. Da aka buɗe mata zanin goyo ta ga wuyan yarinyar, sai ta ɗora hannu a ka.

“Chineke! Hajiya, shi ya ce wanki. Na tambaye shi, wanki? Ya ce wanki. Da na san na pikin ne, na jariri, ko da kuɗi ba na ba shi.”

“Ke ma Hausar taki ai ta wanki ce,” in ji Dada. “Mace tana gabanki kina cewa shi.”

Madam ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin zani.

Ni na tambaye ta abin da ke cikin sabulun. Ta ce alayyadi ne ko manja, da soda da ruwa, sai launi da ɗan turare. Soda ce ke cinye mai ya zama sabulu. Na wanka, ana barin mai ya ɗan fi soda yawa, don kada ya kwashe maiƙon fata. Na wanki kuwa ana so ya yi kaifi, saboda datti da maiƙon miya. Kuma ko wane iri ne, sai an ajiye shi makonni ya huce. Amma tun da baƙi suka cika gari, matan da ke haɗa shi ba sa jira. Yau a zuba, jibi yana kasuwa. Ta nuna mana yatsunta, duk sun ɗaye, don ita ke yanka shi.

Ta ɗauko farin sabulu marar turare ta damƙa wa matar, ta riƙe hannunta.

“Faɗa. Wan-ka.”

“Wanka.”

“Yauwa, mai pikin. Sau ɗaya a rana, ba cuɗawa.”

Daga nan muka biya asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ta duba tsakanin yatsun yarinyar da cibiyarta, ta ce ba ƙazwa ba ce, ƙunar sabulu ce. Ta ba da maganin shafawa na wurin da ke ruwa, ta ce sauran jikin man kaɗanya ya isa.

Da yamma Dada ta kira yayana ta faɗa masa. Ya ce sai ya gani da idonsa. Ana gobe wa'adin zai cika ya tsuguna ya duba wuyan yarinyar da bayan gwiwarta. Tsagewar ta kame, jan ya dushe. Ya miƙe ya tafi masallaci, bai sake ambatar sansani ba.

Matar ta zauna da mu har damina ta gaba, lokacin da hanyar Michika ta buɗe, ƙanin mijinta ya zo ya tafi da su.